Bencin Baya a Birmingham

Wata uku na yi a Manchester kafin na yarda cewa aikin da ya kawo ni babu shi. Mutumin da ya shirya mana takardu, wani mai yawan fara'a da ke kiran kowa 'yar'uwa, ya sauke mu mu huɗu a wani ɗaki a Salford, a saman shagon da aka daɗe da rufewa, ya ce ran Litinin za a fara. Litinin ta yi ta zuwa tana wucewa. Ran da na gaji, na hau jirgin cikin gari na nemi gidan kula da tsofaffin da aka rubuta a takardata. Na tarar da bene, labulaye a sake, ciyawa ta cinye matakala. Na leƙa ta taga. Kekunan guragu biyar ne a jere suna fuskantar bango, babu kowa a kai. Na daɗe ina kallonsu, ni kaina ban san abin da nake jira ba. Da na koma na kira mutumin, lambar ta daina shiga, daga ranar ya yi ɓatan dabo.

Sunana Rahila, daga wani ƙauye a gefen Numan. 'Yar katikis ce ni, wato mai koyar da addini a coci, kuma duk wanda ya san 'ya'yan katikis a cocinmu na Lutheran ya san irin taurin kan da Allah ya ba mu. Mun fi fasto riƙon doka. Na taso ina share bagade ran Asabar, in gama in zauna gefen mahaifina yana rubuta sunayen waɗanda za su ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na sujada, washegari. A wurinmu ba a tashi haka kawai a nufi gaban bagade. Sai ka zo da katinka an duba, an sa hannu, an tabbatar ba ka ƙarƙashin horon ikklisiya. Nawa katin yana cikin jaka ɗaya da fasfo, kuma a lokacin, da za a ce in zaɓi ɗaya a cikinsu, sai na yi tunani.

Wadda ta tsamo ni daga Salford Musulma ce. A wani shago a Rusholme ina juya ƙullin kuka ina mita ni kaɗai, sai na ji an ce a bayana, “Baiwar Allah, da wa kike faɗa?” Bilkisu ke nan, Bakanuwa, tana karatun digiri na uku. Kafin mu fito daga shagon ta ji labarina kaf, kafin magariba kuma jakata na ɗakinta. Ta ba ni katifa a ƙasa, ta ba ni bargo biyu, ba ta taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Abin da ta kasa bari shi ne tsokana.

“Ke fa ustaziya ce a naku ɓangaren,” in ji ta, ran da ta ga ina goge katina da gefen zane. “Wannan katin, da shi za a buɗe miki ƙofar sama?”

Na ce mata ta kula da karatunta.

Wata Lahadi wata maƙwabciyarmu ta ja ni cocinsu a Ardwick. Tsohon sito ne babu taga. Da rana tsaka aka shiga, amma ciki duhu ne da gangan, sai shuɗiyar wuta da wani hayaƙi mai sanyi da ke fitowa daga ƙarƙashin dandamali. Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba. Sun ba ni shinkafa, wata ma ta cire rigar sanyinta ta sa mini. Amma mai wa'azin ba ya wurin. A kan wani ƙaton allo yake, daga wani gari, kansa kaɗai ya fi ƙofar ɗakinmu girma. Tun a bakin ƙofa an miƙa wa kowa wani ɗan ƙoƙon roba na ruwan inabi a liƙe, da 'yar gurasa a ƙarƙashin murfin. Can sai mutumin allon ya ce a buɗe. Kiɗa ya tsaya. A cikin duhun nan ba ka jin komai sai ƙarar ɓare leda, ɗaruruwa a lokaci guda, ta ko'ina. Ba wanda ya tambayi sunana, ba wanda ya sa mini komai a hannu, kowa ya ciyar da kansa. Na kasa buɗe nawa, na kuma kasa jefa shi a kwandon shara. Washegari na kai shi wani lambu, na zuba a gindin itace, yadda mahaifina ke yi da ragowar ruwan inabi.

Bilkisu ce dai ta sake samo mini hanya. Ta dawo daga makaranta tana kallon waya ta ce, “Ga wata a Birmingham tana neman carer, mai kula da tsoho, mai jin Hausa. Babanta ne, Turancinsa ya fara gudu. Kuma kamfanin da ke kula da shi za su gyara miki takardu. Tashi ki yi wanka, gobe interview.” Ita ta raka ni tashar mota, ta cusa mini dambun nama a aljihu, ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Matar sunanta Naomi, a can aka haife ta, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Mahaifinta, Baba Istifanus, ya zo karatu tun yana saurayi, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, matarsa Baturiya ta rasu. Yanzu mantuwa ta kama shi. In ya tashi da safe sai ya yi wa 'yarsa magana da harshen da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Da ta shigar da ni falo, na durƙusa na ce, “Baba, ina wuni.” Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tambaye ni 'yar ina ce, kuma 'yar wa. Na faɗa. Ƙauyensu yana ƙetaren kogi da namu, yarenmu daban, amma cocinmu ɗaya.

“'Yar katikis,” ya ce. Sai ya gyara zama, ya sauke ƙafar da ya ɗora a kan ɗaya.

Gidan shiru ne da shi irin wanda ban saba ba. Rigar ruwan marigayiyar tana rataye a bayan ƙofa, takalmanta a ƙasa a jere. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe, in na leƙa titi sai in ga gidaje duk iri ɗaya, kowanne da wuta a ciki, amma ko tarin mutum ba ka ji. Na yi kewar gida har abinci ya daina yi mini daɗi.

Cikin aikina har da kai shi sujada ran Lahadi. Naomi ta ce ba ya fashi. Ta ƙara da cewa, “Ki bar shi a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Nan yake so. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya zauna wani wuri ba, kuma ba ya fita karɓar gurasa. Mama ta ce kunya ce.”

'Yan Lutheran na wurin ba su da ginin kansu. Wata tsohuwar majami'ar dutse suke ara bayan azahar. Za ta ɗauki mutum ɗari uku, mu kuwa da ni da Baba muka cika goma sha ɗaya: tsofaffin Jamusawa mata biyu, wani iyali daga Habasha, wata nas 'yar Tanzaniya, da wani da ke kaɗa molon bango, wato babban abin kiɗan da ke jikin ginin. Daɓen duk duwatsun kaburbura ne, kana tafiya kana taka sunayen mutane. In mutum ya yi tari a gaba, sai ka ji wani tarin ya amsa daga sama. Fasto Andreas, dogon tsoho mai tafiya a duƙe, sau ɗaya a wata yake zuwa, don garuruwa huɗu yake zagayawa.

Na zaunar da Baba inda aka ce, na wuce gaba. Da aka fara, sai hawaye ya zubo mini. Turanci ne, amma tsarin namu ne sak: aka furta zunubi, fasto ya juyo ya sanar da gafara, aka faɗi bangaskiya, har muryar waƙoƙin irin tamu ce. Kafin Jibi na lallaɓa na miƙa masa katina. Ya juya shi gaba da baya, ya yi murmushi, ya mayar mini ya ce in zo kawai. Na durƙusa, aka sa mini gurasa a tafin hannu, karo na farko cikin wata takwas.

Da na miƙe na juyo ne na gan shi. Can ƙarshen ginin, bayan layi-layi na benci babu kowa, inda hasken ba ya kaiwa sosai. Hularsa a kan gwiwa, kansa a sunkuye, hannuwansa biyu a haɗe a tsakanin cinyoyi. Bakinsa na bin waƙar amma murya ba ta fita. Na san wannan zaman. Tun ina yarinya nake ganinsa a bencin baya na cocinmu, kuma ba kunya ba ce.

Ban yi magana ba sai ran Talata, ina yanke masa farce, ranar hankalinsa na tare da shi.

“Baba, wa ya sa ka horo?”

Bai yi mamaki ba. Kamar dama ya daɗe yana jiran a tambaya. Ya ce mahaifinsa bai taɓa shiga coci ba, mai bin al'adar kakanni ne. Da ya rasu, shi ne babban ɗa, dangi suka ce in bai zuba giya a kabari ya yanka akuya ba, tsohon ba zai kwanta ba. Ya zuba, ya yanka. Dattawan ikklisiya suka zauna suka yanke masa wata shida a bencin baya, ba Jibi, ba ƙungiyar mawaƙa. Yana cikin wata na uku takardar tafiya karatu ta zo. Faston ƙauyen ya ce ya je, in ya dawo a ƙarasa. Daga nan karatu, sai aiki, sai aure, sai kunyar komawa. Bai sake taka ƙauyen ba.

“Ai Baba wata shida ta wuce tun ba a haife ni ba.”

“Horo ba ya ƙarewa da lissafin wata, 'yata. Sai an kira ka. Dattijo ya taso daga gaba ya zo ya kama hannunka, ya kai ka gaban jama'a. Ni ba wanda ya taso. Ke 'yar katikis ce, kin sani.”

“Haka ne, Baba,” na ce. Kuma har cikin raina na yarda haka ne.

Na dai kira Fasto Andreas na faɗa masa. Shekara ashirin yana ganin mutumin nan a baya, ya ce, ya taɓa tambayarsa sau biyu, ya amsa masa da cewa lafiya lau, shi kuma ya ƙyale shi don a ƙasar ba a matsa wa mutum. Ran Juma'a sai ga shi a ƙofar gida da wani ɗan akwatin fata. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin falo, ya fito da ɗan ƙoƙo da faifai. Yana magana ina fassarawa. Ya ce teburin nan ba lada ba ne ga wanda ya gama biyan laifi, abinci ne ga wanda ya san yana bukata. Ya ce kowane wata in ya juyo ya sanar da gafara, ba ya cewa ta tsaya a benci na uku, har bakin ƙofa take kaiwa. Ya ce Almasihu da kansa ne ke bayarwa, kuma shi bai ga inda aka ce sai an nuna masa takarda ba.

Baba Istifanus ya saurara har ƙarshe. Idonsa na kan gurasar, hannunsa na dama ya ɗan ɗago daga gwiwa. Na gani da idona. Sai ya juyo gare ni.

“'Yata, shi Bature ne, bai san namu ba. Ke me kika ce? A gida haka ake yi?”

Kalma ɗaya ce ta rage. Da na ce ka karɓa, da ya karɓa, da hankalinsa cikakke, ya san ranar, ya san garin, ya san 'yarsa da ke tsaye a bakin kicin. Amma kan nan nawa ya motsa. Na ga kamar in na ce i, na ci amanar mahaifina da duk Asabar ɗin da muka yi a gaban littafi.

“A gida sai da takarda, Baba. Amma kada ka damu. Mako biyu zan sa a kawo maka ita.”

Hannun ya koma kan gwiwa. Faston bai ji Hausar ba, amma ya gane. Ya dube ni, ya naɗe ƙyallensa a hankali.

Mahaifina, da tsufansa, ya hau kwalekwale ya ƙetare zuwa ƙauyen. Ya tarar ruwa ya daɗe da cin tsohuwar majami'ar, an gina sabuwa a kan tudu, littafin sunaye kuma ya tafi da ruwan. Faston wancan lokacin ya rasu. Dattijo Habila da ya shugabanci zaman horon ya rasu. Malam Filibus mai buga ƙararrawa ya rasu, Mama Saratu shugabar zumuntar mata ita ma haka. Mahaifina ya karanto mini sunayen ne daga kan kaburbura. Ba wanda ya tuna da wani Istifanus. Sabon faston, yaro ne mai ladabi, ya ce ba zai iya ɗage horon da bai gani a rubuce ba, sai an kai maganar gunduma. Gunduma ta ce sai majalisa ta zauna bayan girbi. Mako biyuna ya zama wata biyar.

A cikin watannin nan na ga mutum yana ƙarewa a gabana. Ya fara da manta inda banɗaki yake. Sannan ya koma jera kujerun cin abinci a falo, layi biyu, da hanya a tsakiya, ya ja guda ɗaya can jikin ƙofa ya zauna. In na zo wucewa ta tsakiya sai ya ce, “A hankali, ana addu'a.” Wata la'asar ina wanke-wanke na ji yana magana a zaure, da ladabi, yana yin shiru kamar mai sauraron amsa. Na leƙo. Shi kaɗai ne a tsaye, hula a hannu, yana fuskantar rigar ruwan da ke bayan ƙofa. Na koma kicin na buɗe famfo sosai don kada in ji. Ya daina kirana Rahila. Ran da Naomi ta shigo ya tambaye ni wace baƙuwa ce wannan, ta fita mota ta zauna ta fi awa ba ta tayar ba. Abu ɗaya ne bai manta ba. Kowace safiya in na kai masa shayi sai ya ce, “Takardar ta zo?”

Ana cikin haka aka sanar da mu an sayar da majami'ar, za a yanka ta ɗakuna a sa 'yan haya. Lahadin ƙarshen wata ita ce ta ƙarshe. Bayan nan sujada ta waya za a riƙa yi har a sami wani wuri, kuma Fasto Andreas ya ce wa'azi zai bi waya, amma shi ba zai raba Jibi ta allo ba, sai hannu da hannu.

Na kira mahaifina ina kuka, na ce ya je ya tsaya a kan 'yan majalisar nan. Ya bar ni na gama.

“Rahila, wa ya koya miki wannan?”

“Kai, Baba.”

Ina jin kukan awaki a bayansa, da muryar innarmu tana kiran wani.

“To ban koya miki daidai ba. Mun ajiye littafi ne don mu san wanda ya ɓace mu nemo shi. Mutumin nan ya fi shekara arba'in a zaune yana jira, wace tuba kuma ake nema? Ki je ki kama hannunsa.”

“Ni mace ce, Baba. Ba dattijo ba ce ni.”

“A can wa ya rage daga gida in ba ke ba?”

Ana gobe Lahadin ƙarshe na je wurin faston na ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse. Na tambaye shi abin da ke cin raina: yanzu da Baba bai san ko a wace ƙasa yake ba, in ya karɓa, ya karɓu? Ya tambaye ni ina da shekara nawa aka yi mini baftisma. Na ce wata biyu. Ya ce to me na sani a ranar? Ya ce abin bai taɓa rataya a kan ƙarfin kanmu ba, a kan alkawarin mai bayarwa yake, kuma mutumin da ke tambayar takarda kowace safiya ya san abin da yake jin yunwarsa. Sannan ya ciro biro ya ce in koya masa yadda ake cewa dominka da Hausa. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Lahadin ta zo da hazo. An riga an kwashe labulen bagade da hotunan bango, sai tabon inda suke. An kashe na'urar ɗumama wuri, numfashinmu na fita fari. Naomi ta zo, ta zauna a gaba tare da Jamusawan. Na kai Baba bencinsa, na koma nawa wurin.

Da aka gama addu'ar keɓe gurasa, faston ya tsaya, ya ɗaga mini kai. Na tashi. Ban taɓa sanin ginin nan na da tsawo haka ba. Takalmina kaɗai ake ji a kan duwatsun. Na isa, na tsaya a gabansa, na yi yadda na ga dattawa na yi tun ina ƙarama.

“Istifanus, ikklisiya ta kira ka. Taso.”

Ya ɗago. Ban san wa ya gani ba. Ya ajiye hular a kan benci, ya goge tafinsa a jikin wando, ya miƙo mini. Hannun sanyi ƙalau, ba nauyi.

Muka kama hanya. Mutumin da sai na ja shi kafin ya taka, ranar shi ke gaba da ni da rabin taku. Mun wuce benci uku sai ya tsaya, ya juya dama, ya ɗan rusuna.

“Dattijo Habila, na gode.”

Ba kowa a wurin sai littafin waƙa da aka manta. Muka ƙara gaba. Ya juya hagu, ɓangaren mata a gida.

“Mama Saratu, kin ga ɗanki.”

Ya yi 'yar dariya, kamar an mayar masa da wata magana. Ya gaida Malam Filibus. Ya gaida wasu da ban taɓa jin sunansu ba, ɗaya bayan ɗaya, kowa a gurbinsa, yana kauce wa ƙafafun da ba na gani. A wani wuri ma ya ja ni gefe don kada in taka wani. Na kafa idona a kan bagade, na ƙi duban ko dama ko hagu, don na ji a jikina in na duba zan ga abin da ba zan iya mantawa ba. Mai molo ya daina kaɗawa. Ba abin da ake ji sai muryar tsohon tana gaisuwa, saman ginin na mayar da ita.

A gaban bagade ya durƙusa da kansa, gwiwoyin da suka yi shekara ba su lanƙwasu ba. Ya ɗora tafin dama a kan na hagu. Fasto Andreas ya duba rubutun da ke nasa tafin, ya sa masa gurasar, ya ce da wata karyayyar Hausa, “Istifanus, dominka.” Ya ci. Aka ba shi ƙoƙo ya sha, ya riƙe shi da hannu biyu ya ɗan daɗe kafin ya saki. Ina durƙushe a gefensa ina kuka, kuma ba kukan murna kaɗai ba ne. Wata biyar na cinye masa. Da ya zo nan da ƙafarsa da hankalinsa, ya ga fuskar 'yarsa, ni na hana. Wannan yana nan a wuyana, ko da na san an gafarta mini.

Ni da Naomi muka ɗaga shi. Ya juyo ya fuskanci majami'ar, ya bi ta da kallo tun daga gaba har ƙofa. Sai ya matse hannuna, ya kira sunan da ya yi wata biyu bai kira ba.

“Rahila, 'yata. Yanzu a ina zan zauna?”

“Duk inda kake so, Baba.”

“Ai ko'ina ya cika.”

Na kai shi benci na farko a ɓangaren dama, dogo ne, ba kowa a kai. Ya tsaya a bakinsa, ya sunkuya ya ce a hankali, “Ku ɗan matsa mini.” Ya jira. Sannan ya zauna a ɗan gefen, a takure, daidai wurin mutum ɗaya. Ni kuwa a tsaye na ƙarasa sujadar a gefensa har aka sa albarka, don ban ga inda zan zauna ba.